Gishirin da Ya Kashe Shanu Tara

Litinin, 13 ga Mayu 1963, da hantsi

An kawo mini gishirin a ƙullin tsumma. Wani jandarma ne ya dire shi kan teburina, ya ce shugabansu yana son rahoto a rubuce: mene ne wannan, kuma yana kashe saniya ko ba ya kashewa. Ya ce tunda ni ne likitan dabbobi na wannan yanki, bakina ake jira. Likita. Shekara biyu na yi a Yamai ina koyon yi wa shanu allura, shi ke nan duk Dogon Dutsi ta ɗauki kirana likita, ni kuma ban taɓa hana kowa ba.

Shanu tara suka mutu ranar Juma'a a rugar Baffa Yero, gabas da Kiyeshe. Shida na Alhaji Gado ne, ɗan kasuwar da ya ba shi kiwo shekara goma sha ɗaya. Uku na Yero ne, su ke nan gare shi a duniya. Ya kwaɓa musu gishiri da dusa da safe, kafin la'asar duk sun zube. Na je ranar Asabar na gani da idona. Dalala ta bushe a bakinsu, zawo ko'ina, ƙasa duk sun tone ta da shure-shure. A ranar aka kama Yero.

Alhaji ya ce da gangan ne, domin watan jiya ya faɗa wa Yero zai karɓe shanunsa ya ba wani makiyayi. An tambayi Yero inda ya samo gishirin, sau uku, sau uku yana cewa gishiri ne kawai. Motar da ke kai mutane shari'a a Doso za ta tashi ɗaya ga watan gobe. In babu abin da ya canza, da shi za ta tafi.

Ban kwance ƙullin ba tukuna.

Talata, 14 ga Mayu, da safe

Hure, matar Baffa Yero, ta kawo nono kamar kullum. Shekara uku ke nan tana kawowa gidanmu kyauta, tun ranar da na ɗinke wa wata karsanarsu ciki. Na tambaye ta nonon wa, tunda Alhaji ya kwashe sauran shanunsa.

"Na wana na, Likita. Can na biya na amso. Ba a yanke abin da anka saba."

Na juye nonon, na tsaya da ƙwaryar a hannu na rasa abin yi. Ajuma, mai ɗakina, tana Tibiri wajen jinyar mahaifiyarta tun farkon wata, ita ce ta san abin da ake zubawa. Na je kasuwa na auno gero na zuba. Hure ta jira ni a ƙofar gida duk tsawon lokacin.

Nonon yana nan, ban sha ba.

Laraba, 15 ga Mayu, da azahar

Zafi. Babu ko alamar hadari. Ban yi komai ba.

Juma'a, 17 ga Mayu, bayan masallaci

A ƙofar masallaci wasu na cewa doguwa ce. Wai Yero ya sare reshen wata tsamiya da ba a taɓawa, ita kuma ta huce kan dabbobinsa. Wani tsoho ya ce a aika garin Lugu wajen masu duba a tambaya. Na tsaya ina saurare, kuma Allah ya sani na ji daɗin zancen. Ni da na yi lakkol, makarantar boko, ni da nake yi wa mutane dariya in sun rataya wa saniya laya, yau ni ne nake fatan gari ya yarda iska ce.

Alhaji Gado ya tare ni a hanya, ya riƙe mini hannu bai saki ba, yana ce mini mushe, yadda ake kiran malaman boko.

"Mushe Inusa, takardar nan hwa? Ba wani abu mai wuya ba na. Ka rubuta guba ta, shi ke nan. Mutum ya ci amana, mi za a tsaya awo?"

Na ce aikin ilimi ba a yi masa gaggawa. Na ji bakina yana faɗin haka, har da gyaran murya.

Asabar, 18 ga Mayu, da la'asar

Na kwance ƙullin. Fari ne tas, ƙwayoyinsa masu faɗi, suna ɗan ƙyalli. Na san shi. Ina nufin na san kamarsa, kowane gishiri haka yake.

Na je wajen Sama'ila, abokina tun ajin farko, wanda yanzu yake ba da magani a asibitin gari. Ya ara mini ƙaramin ma'aunin da yake awon garin magani da shi, da takardun tacewa, da kwalba huɗu na ruwan allura, domin ruwan rijiya yana da nasa gishirin, zai ɓata awo. Ya yi ta yi mini tsiya.

"Kai da mushen lakkol ka duka kullum bisa lissahi, yau kai ka neman sunan gishiri da ma'auni? Duniya ta zo ƙarshe."

Na yi dariya don kada ya dube ni da kyau.

Na tono tsohon littafina na kimiyya daga ƙasan akwati. Gara ta ci bangon, amma jadawalin nauyi yana nan.

Litinin, 20 ga Mayu, da hantsi

Bari in rubuta hanyar a nan, don in daina jin kamar tsafi nake yi.

Kowane gishiri aure ne tsakanin ƙarfe da wani abu. Na cinmu, sodiyom ne da kulor. Ba a iya ƙirga ƙwayoyin da ido, don haka masana suka yi musu mudu guda da suke kira mol. Kowane mol adadin ƙwayoyinsa ɗaya ne, amma nauyi ya bambanta, kamar yadda tiyar gero da tiyar auduga ba za su yi nauyi ɗaya ba. In ka san nauyin mol na gishiri, ka duba jadawali, sunansa zai fito.

Ina da sandunan azurfa da muke ƙona bakin gyambo da su. In aka narka su aka zuba cikin ruwan gishiri mai kulor, azurfar takan kama kulor ɗin, ƙwaya ɗaya da ƙwaya ɗaya, su kwanta a ƙasa kamar kindirmo. Ka tace, ka busar, ka auna. Mol guda na wannan kindirmon garam 143,5 ne. Daga nan ka san yawan kulor, daga yawan kulor ka san nauyin mijinta.

Na gwada ɗigo ɗaya. Ruwan ya yi fari nan take. Akwai kulor.

Da ma na san akwai.

Talata, 21 ga Mayu, da safe

Nono. Gero. Ba ta dube ni ba, ban dube ta ba.

Laraba, 22 ga Mayu, da la'asar

Na auna garam biyu cif, na narka, na yi ta zuba ruwan azurfa har fari ya daina sauka. Na tace. Na busar a inuwa bisa yashi mai zafi, domin rana na mai da shi shuɗi-shuɗi. Yatsuna sun yi baƙi, sabulu bai fid da shi ba.

Kindirmon ya ba da garam 2,35.

Da gishirin ci ne, da ya ba da kusan garam biyar. To, ba shi ba ne. Wannan kam ya tabbata, na daɗe zaune ina kallon allurar ma'aunin.

Na raba 2,35 da 143,5, na samu mol 0,0164 na kulor. Na raba garam biyu da wannan, na samu 122. Na cire nauyin kulor, 35,5. Saura 86,5. Na bi jadawali da yatsa. Abin da ya fi kusa wani ƙarfe ne mai suna rubidiyom, 85,5, wanda littafin ya ce ba kasafai ake samunsa ba ko a ƙasar Turai.

Na ɗauko rajistar da Nasaran da na gada ya bari, inda ya rubuta duk abin da ke cikin mangazarmu, ɗakin ajiyar kayan aiki. Babu rubidiyom. Na duba sau biyu, babu. Na ga wani suna a layi na huɗu, na wuce shi da sauri.

Na rubuta rahoto: abin da aka kawo mini ba gishirin ci ba ne, kuma ba ya cikin kayan da muka sani a wannan biro, wato ofishinmu. Na sa hannu. Na ci tuwo sosai yau, karo na farko tun ranar Asabar ɗin da na ga shanun.

Alhamis, 23 ga Mayu, da azahar

Ban kai rahoton ba. Na karanta shi da idon alƙalin Doso: makiyayi ya ba shanun mutane wani baƙon abu da ba a san shi ba, kuma ya ƙi faɗin inda ya samo. Ko ni ne alƙalin na san abin da zan yanke.

Asabar, 25 ga Mayu, da hantsi

Na je kaso, inda aka tsare Baffa Yero, na gan shi. Na ce wa mai gadi tambayoyin aiki zan yi.

Mutumin da bai taɓa kwana tsakanin bango huɗu ba. Ƙafafunsa sun kumbura, yana tari, an karɓe masa sanda da malfa, sai na ga ashe ƙaramin mutum ne. Ya gaishe ni da kyau, ya tambayi jikin surukata, ya tambayi Ajuma. Na ce Baffa, me ya sa ba ka faɗa musu ba? Haka na ce, ban ƙarasa ba, kuma na yi maganar ƙasa-ƙasa don kada mai gadi ya ji.

Ya dubi bango.

"Abin da anka ba ka don alheri, ba ka kai sunan mai shi gaban hukuma. Ba mu yin haka." Ya yi tari. "Hadari ya taso daga gabas? Nan ba a ganin sama."

Na ce bai taso ba. Ya ce zai taso. Shi ke nan abin da muka yi.



Lahadi, 26 ga Mayu, da safe

To, bari in rubuta, tunda littafin nan ba shi da baki.

Ranar Alhamis, tara ga wata, Hure ta kawo nono. Ajuma ba ta nan, rumbu a kulle, makullin yana ɗaure a bakin zanenta a Tibiri. Ba a mai da ƙwarya wofi, ko yaron goye ya san wannan, kuma ina jin kunyar a ce ma'aikacin gwamnati ya yi. Na tuna Baffa Yero ya ce shanu na son lasa, kanwa ta yi wuya bana. A mangaza akwai garwa huɗu na farin gishiri da Nasara ya bari. Gara ta cinye takardun jikinsu. A kan wadda na buɗe, abin da ya rage kalma biyu ne, Chlorure de, wato gishiri mai kulor da Faransanci, sauran sunan babu. Na ɗanɗana da bakin harshe na tofar. Gishiri-gishiri, da ɗan ɗaci. Na ce zama ne ya sa shi ɗaci. Na cika mata ƙwarya har da tozo, ina jin kaina wani mai kyauta.

Rajistar tana kan teburina a lokacin. Taku biyar ne daga mangaza.

Ina jin tsoro. Tsoron aikina nake ji, da kaso, da bakin mutanen Dogon Dutsi, da fuskar mahaifina da ya sayar da raƙuminsa ya kai ni lakkol. Ban ji tsoron Allah yadda ya kamata ba, wannan ma na rubuta.

Talata, 28 ga Mayu, da safe

Yau Hure ta yi magana. Ina zuba mata gero ta ce:

"Ran nan na ce mai shi ɗibam mini kaɗan in sa ga miya. Yaƙ ƙiya. Yac ce na shanu na, Likita don shanu yab bada. Har hushi na yi."

Jikokinsu uku ke cin tuwo a tukunyar nan. Geron ya zube mini a ƙasa, ta duƙa tana tsincewa, ni ina tsaye.

Talata, da azahar

A shafin da ke bayan jadawali akwai layin da na tsallake ranar Laraba, kuma na san na tsallake shi. Wasu gishirin suna riƙe ruwa a cikin ƙwayarsu ko da sun bushe a ido. In ba ka gasa su ba, ruwan kake aunawa tare da su, lissafinka ya yi nauyi fiye da gaskiya.

Na zuba kaɗan a kwalbar gwaji na kara a wuta. Raɓa ta taru a wuyan kwalbar, ɗigo-ɗigo.

Na yaga rahoton ranar Laraba.

Laraba, 29 ga Mayu, daga hantsi zuwa la'asar

Na auna garam goma, na gasa a murfin gwangwani bisa garwashi, na bari ya huce, na auna. Na sake gasawa, na sake aunawa, har nauyin ya daina sauka. Ya tsaya a 8,5. Garam ɗaya da rabi duk ruwa ne.

Daga gasasshen na ɗebi garam biyu. Na narka, na zuba azurfa, na tace, na busar. Sandunan azurfata sun ƙare a kan wannan, ko na so sakewa babu.

Garam 2,76.

Raba da 143,5: mol 0,0192. Garam biyu raba da wannan: 104. Cire 35,5: saura 68,5. Babu ƙarfe mai wannan nauyi da ke auren kulor ɗaya. Amma akwai masu ɗaukar biyu. In biyu ya ɗauka, nauyinsa ninki ne. 137.

Ban buƙaci bin jadawali da yatsa ba, amma na bi. Bariyom, 137.

Na buɗe rajista, layi na huɗu. Garwa uku gishirin ci, garwa ɗaya gishirin bariyom, da jan alƙalami an ja masa layi a ƙasa. Ban san abin da Nasaran yake yi da shi ba, kuma ba shi nan balle in tambaya. Littafin ya ce guba ne mai tsayar da zuciya. Uku cikin huɗu lafiyayyu ne, hannuna ya je kan ta huɗun.

Lissafin ya fita tsaf, ko mushenmu na lakkol ba zai sami abin dukana ba.

Alhamis, 30 ga Mayu, da safe

Jibi motar za ta tashi. Na sa rigar aiki, na cire, na sake sawa.

Alhamis, da la'asar

Na kai. Shugaban jandarma mutumin kirki ne, ba ɗan ƙasar nan ba, yana karatu yana bin layi da alƙalami. Ya tambaye ni ina ake samun wannan abu. Na ce a duk yankin nan wuri ɗaya ne, mangazarmu.

Ya gyaɗa kai, ya jawo takarda. "To, sata ya yi ke nan. Yana shiga wajenku?"

Ba mugunta ya yi ba, abin da hankali zai ba kowa ke nan. Yero yakan zo biro, kowa ya sani. Mangazar ba ta da kwaɗo mai kyau, wannan ma kowa ya sani. Alƙalaminsa yana kan takarda yana jirana. Kalma ɗaya ce, kuma Yero ba zai taɓa ƙaryata ni ba, na san wannan kamar yadda na san sunana.

 Ya gaji da jira ya ɗago kai.

Na ce bai sata ba. Na ce ni na ba matarsa da hannuna, a ƙwaryar nono, ban duba rajista ba. Ya aje alƙalamin ya dube ni, ya ce in sake faɗa a hankali zai rubuta. Na sake faɗa.

An karɓi makullan biro. Za a aika takarda Yamai, kafin amsa ta zo kada in bar gari. Alhaji Gado ya riga ya ji, an ce yana ta faɗa a kasuwa cewa da ma bai taɓa yarda da 'yan lakkol ba. Sama'ila ya zo ya ɗauki ma'auninsa da kansa. Bai yi mini tsiya ba, na so ya yi.

Juma'a, 31 ga Mayu, da hantsi

An saki Baffa Yero da safe. Na je na tsaya nesa da ƙofa, ban san ko in matsa ba. Hure ta karɓo masa malfarsa. Ya fito yana taka ƙasa a hankali saboda kumburin, ya ɗaga kai ya daɗe yana duban sama, sannan ya gan ni. Shi ya tako zuwa wajena.

Na durƙusa. Na ce Baffa, ka gafarce ni. Na fara yi masa bayanin garwa huɗu, da gara, da ruwan da ke ɓoye cikin gishiri, da yadda lissafin farko ya ɓata. Ya bar ni na gama.

"Na ji an ce ka yi awo har ka gano sunan abin," ya ce. "Aiki na mai wuya, ko?"

Na ce da ɗan wuya.

"Awon nan, in mutum ya zamna mai, kwana nawa shika ɗauka?"

Na so in ce ya danganta. Bakina ya buɗe don in faɗi haka. Na ce wuni ɗaya, Baffa.

Ya gyaɗa kai a hankali, kamar mai ƙirga shanu a bakin rijiya.

"Wuni guda," ya ce. "Ni kwana ashirin na yi."

 Ya karɓi sandarsa daga hannun mai gadi, ya saɓa ta a wuya kamar yadda yake yi in yana bayan garke, suka kama hanyar Kiyeshe shi da Hure, babu ko saniya ɗaya a gabansu.